Juya Makin Z Zuwa Matsayi Cikin Ɗari da Ƙimar Yiwuwa: Misalai Daga Yankin Tambuwal da Kebbe

1.0 GABATARWA

Tun lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa a shekarar 1977, wadda aka yi wa gyara a 1981, aka ɗora wa malamin makaranta wani nauyi na musamman. Watau aka ce kada a yanke wa yaro hukunci da jarrabawa guda ta ƙarshen shekara, a riƙa gwada shi a kai a kai, ana tara makin da ya samu. Tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ya ginu bisa wannan ƙa'ida, haka kuma Shirin Ilimin Bai-ɗaya da aka ƙaddamar a birnin Sakkwato a 1999. Sakamakon haka shi ne kowace makaranta tana da littattafai cike da maki, waɗanda malamai daban-daban suka bayar, bisa tambayoyi daban-daban.

Matsalar takan taso ne ranar da aka so a gwama waɗannan maki. Mu ɗauka hukumar ilimi tana son ta zaɓi 'yan makaranta kaɗan daga ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, don ba su gurbi ko tallafin karatu. Ga yarinya daga wata makaranta a Tambuwal da maki 68, ga yaro daga wata makaranta a Kebbe da maki 60. Wa ya fi ƙoƙari? Mai gaggawa zai ce yarinyar. Amma duk wanda ya taɓa awon hatsi ya san mudun wata kasuwa ba lalle ne ya zo daidai da na wata ba, kuma ba a ciniki sai an san da wane mudu aka auna.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana hanyar da masana ƙididdiga suke bi don mayar da maki zuwa mudu ɗaya, sa'an nan su karanta matsayin mai makin a cikin jama'arsa. Za mu nuna yadda ake lissafin, da inda yake da amfani, da kuma inda yake iya yaudarar mai yinsa. Dukkan makin ɗalibai da za a gani a nan misalai ne da muka tsara don sauƙaƙa bayani.

2.0 KALMOMIN DA ZA MU YI AMFANI DA SU

Kalma ta farko ita ce matsakaici. Shi ne abin da ake samu idan aka tara makin 'yan aji duka, aka raba da yawansu. Alal misali, yara biyar sun sami 44, 48, 50, 52 da 56. Jimlarsu 250, matsakaicinsu 50.

Ta biyu ita ce tazarar warwatsuwa, wadda daga nan za mu riƙa kiranta tazara kawai. Ita ce ke nuna ko makin 'yan aji sun cure wuri ɗaya kusa da matsakaici, ko kuwa sun watsu nesa da shi. Ana samunta kamar haka. A ɗebe matsakaici daga kowane maki, a misalinmu za a sami -6, -2, 0, 2 da 6. A ninka kowace lamba da kanta, a sami 36, 4, 0, 4 da 36. A tara su, 80 ke nan, a raba da yawan yaran, a sami 16. Sa'an nan a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 16, watau 4. Tazarar wannan aji 4 ce.

Ta uku ita ce makin z. Shi ne adadin tazarar da ke tsakanin makin yaro da matsakaicin ajinsa:

z = (maki − matsakaici) ÷ tazara

Yaron da ya sami 56 a misalin da ya gabata yana da z = (56 − 50) ÷ 4 = 1.5. Wanda ya sami 48 yana da z = -0.5. Alamar ɗebewa tana nufin yana ƙasa da matsakaici.

Ta huɗu ita ce matsayi cikin ɗari. Idan aka ce yaro yana matsayi na 84 cikin ɗari, ana nufin ya wuce kimanin yara 84 daga cikin kowane 100 na rukuninsa. Wajibi ne a bambanta wannan da cin kashi 84 cikin ɗari na tambayoyin jarrabawa, domin malamai da iyaye da yawa sukan rikita biyun.

Ta ƙarshe ita ce ƙimar yiwuwa, watau lamba tsakanin 0 da 1 mai nuna ƙarfin tsammanin aukuwar abu. Sifiri na nufin ba zai auku ba, ɗaya kuma na nufin tabbas ne.

3.0 RABON TSIBI

Idan mace ta kwararo gero daga ƙwarya zuwa tabarma, yakan taru ya yi tsibi: tudu a tsakiya, sa'an nan ya yi ta raguwa zuwa gefe biyu daidai wa daida. Masana sun lura cewa abubuwa da yawa da ake aunawa, kamar tsawon mutane ko makin babbar jarrabawa, haka suke rarrabuwa. Mafi yawa suna tsakiya, kaɗan ne suka yi fice sama, kaɗan ne suka faɗi ƙasa sosai. Turawa suna kwatanta wannan siffa da ƙararrawa, mu kuwa mun kira ta rabon tsibi. Dalilin bayyanarta shi ne duk abin da ƙananan sanadai masu yawa suka haɗu suka haifar, wasu na ƙarawa wasu na ragewa, to da wuya dukkansu su karkata gefe ɗaya a kan mutum ɗaya.

Abraham de Moivre, Bafaranshe mazaunin Landan, shi ya fara fitar da lissafin wannan siffa a 1733. Carl Friedrich Gauss na Jamus ya yi amfani da ita a 1809 wajen bayyana kurakuran awon taurari. Adolphe Quetelet na Beljiyam ya ɗauke ta ya kai ta ga awon jikin ɗan Adam a ƙarni na 19, sa'an nan Francis Galton na Ingila ya shigo da matsayi cikin ɗari a 1885.

Amfanin rabon tsibi shi ne an riga an lissafa rabon da ke ƙarƙashin kowane ɓangarensa. Kimanin kashi 68 cikin ɗari na jama'a suna tsakanin z = -1 da z = 1. Kimanin kashi 95 suna tsakanin -2 da 2. Kashi 99.7 kuma suna tsakanin -3 da 3. Ga taƙaitaccen jadawali mai nuna rabon da ke ƙasa da kowane makin z:

z = -3.0: 0.0013
z = -2.0: 0.0228
z = -1.0: 0.1587
z = -0.5: 0.3085
z = 0.0: 0.5000
z = 0.5: 0.6915
z = 1.0: 0.8413
z = 1.28: 0.8997
z = 1.5: 0.9332
z = 2.0: 0.9772
z = 3.0: 0.9987

Cikakken jadawalin yana bayan kusan kowane littafin ƙididdiga, kuma manhajar Excel tana fitar da waɗannan lambobi. Sai dai a kula, wasu littattafai suna ba da rabon da ke tsakanin matsakaici da z ne kawai. A irinsu za a ga 0.3413 a gaban z = 1.0, sai mai karatu ya ƙara 0.5000 kafin ya sami 0.8413. Har ila yau, da yake gefen tsibi biyu daidai suke, wanda jadawalinsa ba shi da lambobi masu alamar ɗebewa sai ya ɗebe daga ɗaya: 1 − 0.8413 = 0.1587, wanda shi ne rabon da ke ƙasa da z = -1.0.

4.0 DAGA MAKIN Z ZUWA MATSAYI CIKIN ƊARI

Yanzu mu koma ga yaranmu biyu. Mu ɗauka a makarantar Tambuwal matsakaicin makin lissafi 60 ne, tazara kuma 8. A makarantar Kebbe malamin ya tsananta tambayoyinsa, matsakaici ya tsaya a 45, tazara 10.

Yarinyar Tambuwal: z = (68 − 60) ÷ 8 = 1.0
Yaron Kebbe: z = (60 − 45) ÷ 10 = 1.5

Jadawali ya ba da 0.8413 ga na farko, 0.9332 ga na biyu. Idan aka ninka kowane da 100, yarinyar tana matsayi na 84 cikin ɗari, yaron yana na 93. Ashe mai maki 60 ya fi yin fice a cikin tsararsa bisa ga mai maki 68. Da an jera ɗanyen maki kawai an zaɓa, da an hukunta yaron saboda tsananin malaminsa, abin da ba shi da hannu a ciki.

Da yake iyaye ba su saba da lamba mai ɗigo ko mai alamar ɗebewa a katin sakamako ba, akan juya z zuwa makin T, wanda William McCall na Amurka ya gabatar a farkon shekarun 1920. Ana ninka z da 10 a ƙara 50. Yarinyar za ta sami 60, yaron 65, wanda yake da z = -0.5 kuma ya sami 45. Makin T bai canza komai a ma'ana ba, riga ce kawai aka sauya wa z.

5.0 DAGA MAKIN Z ZUWA ƘIMAR YIWUWA

Lambar da ke cikin jadawali tana da karatu na biyu. Idan 0.8413 na jama'a suna ƙasa da z = 1.0, to idan aka rufe ido aka zaro takarda ɗaya daga cikin tarin takardun jarrabawa, ƙimar yiwuwar makinta ya kasance ƙasa da wannan wuri ita ce 0.8413. Wannan karatu shi ne mai amfani ga jami'in da ke tsara aiki.

Mu ɗauka an yi wa yara 2,000 na ƙananan hukumomin biyu jarrabawa ɗaya, matsakaici ya zama 52, tazara 12. Akwai tambayoyi iri huɗu da za a iya amsawa.

Na farko, nawa ne za su kasa kai maki 40? A nan z = (40 − 52) ÷ 12 = -1.0, rabonsa 0.1587. In an ninka da 2,000 za a sami kimanin yara 317. Wannan shi ne adadin da ya kamata a tanadar wa darasin ƙari.

Na biyu, nawa ne za su wuce maki 70? A nan z = 1.5. Jadawali yana ba da rabon da ke ƙasa ne, don haka sai a ɗebe daga ɗaya: 1 − 0.9332 = 0.0668, watau kimanin yara 134.

Na uku, nawa ne za su faɗo tsakanin 46 da 70? Makin z na iyakokin biyu su ne -0.5 da 1.5. Sai a ɗebe ƙaramin rabo daga babba: 0.9332 − 0.3085 = 0.6247, kimanin yara 1,249.

Na huɗu, ana iya bin hanyar da baya. Idan gurbi 200 ne kawai ake da shi, watau kashi 10 cikin ɗari na sama, a wane maki za a ja layi? Sai a nemi z wanda rabon da ke ƙasa da shi ya kusa 0.9000, shi ne 1.28. Makin da ake nema shi ne 52 + (1.28 × 12) = 67.36, watau layin zai faɗo tsakanin 67 da 68.

6.0 DA WA AKA GWADA?

A nan muka iso ga abin da muke ganin ya fi muhimmanci. Makin z ba ya faɗin yawan abin da yaro ya sani. Matsayinsa yake faɗi a cikin rukunin da aka ɗauko matsakaici da tazara daga gare shi. Hausawa sun ce a garin makafi mai ido ɗaya shi ne sarki. Ko da a ce duk ajin ba wanda ya iya raba 84 da 7, lissafi zai fitar da wani mai z = 1.5, kuma kusan rabin ajin za su kasance sama da matsakaici.

Saboda haka hukuncin da muka yanke a sashe na 4.0 yana da sharaɗi. Ya tsaya ne bisa zaton cewa azuzuwan biyu sun yi kusa da juna a hazaƙa, bambancin maki kuwa daga tambayoyin malamai ya fito. Idan jarrabawa ɗaya aka yi musu, aka kuma duba ta da ƙa'ida ɗaya, to mai 68 ta fi mai 60, kuma matsakaicin da ya dace a yi amfani da shi shi ne na yaran duka a haɗe.

Ɗakin shan magani zai ƙara haskaka mana wannan batu. Ma'aikaciyar lafiya da ke awon jarirai, ko a Dogon Daji ko a Kuchi, da makin z take aiki ko da ba ta kira shi da wannan suna ba. Ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ya samo asali ne daga awon yara masu ƙoshin lafiya da kyakkyawan reno a ƙasashe shida: Birazil, Gana, Indiya, Nowe, Oman da Amurka, tsakanin 1997 da 2003. Yaron da nauyinsa, bisa ga tsawonsa, ya faɗi ƙasa da z = -2 ana lissafa shi cikin masu rama. Wanda ya faɗi ƙasa da -3 kuwa tamowarsa ta yi tsanani, yana bukatar magani ba tare da jinkiri ba. Wanda tsawonsa, bisa ga shekarunsa, ya kasa kai -2 shi ake cewa ya tsumbure.

Jadawalinmu ya nuna hikimar waɗannan iyakoki. A cikin yara masu lafiya, 0.0228 ne kawai, watau ɗan sama da biyu cikin ɗari, za su faɗi ƙasa da -2. Ƙasa da -3 kuwa kimanin yaro ɗaya ne cikin 740. To, binciken yawan jama'a da lafiya da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya samu cewa kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa, wadda Jihar Sakkwato take ciki, kashi 57. Inda ake tsammanin biyu, an sami 57. Da a ce da matsakaicin yaran shiyyar aka gwada su, da lissafi ya sake fitar da kusan biyu cikin ɗari, matsalar ta ɓuya gaba ɗaya. An gan ta ne don mudun awon daga waje aka kawo shi.

Darasin da malami zai ɗauka a nan a bayyane yake. Idan ana son jera yara don rabon gurbi, makin z na cikin rukuni yana da amfani. Idan kuwa ana son sanin ko yara sun koyi abin da manhaja ta tanada, to sai an gwada su da ma'aunin da aka kafa tun kafin a ga makinsu.

7.0 WASU ABUBUWAN LURA

Na ɗaya, ana iya lissafa z ga kowane irin maki, amma ba a juya shi zuwa matsayi ta hanyar jadawali sai makin sun yi kama da tsibi. Idan jarrabawa ta yi sauƙi har yawancin yara suka taru a 90 zuwa 100, ko ta yi wuya har suka taru kusa da sifiri, tsibin ya zube gefe ɗaya. Haka nan idan aji ya rabu gida biyu, masu zuwa kullum da waɗanda aikin gona ko kiwo ke ɗauke su da damina, za a ga tudu biyu. A irin wannan hali jadawali zai ba da amsar da ba ta dace ba. Ko masu tsara ma'aunin 2006 sai da suka yi wa lissafin nauyi gyara na musamman, domin nauyin yara yakan karkata zuwa sama. Saboda haka kafin malami ya buɗe jadawali, ya fara jera makin goma-goma ya ƙirga, ya ga siffarsu da idonsa.

Na biyu, a ƙaramin aji ƙirga kai tsaye ya fi aminci. A ƙirga waɗanda suke ƙasa da yaro, a ƙara rabin waɗanda suka yi daidai da makinsa, har da shi kansa, a raba da yawan ajin, a ninka da 100. A ajin yara 40, idan 30 suna ƙasa da shi kuma su biyu ne a makinsa, matsayinsa (30 + 1) ÷ 40 × 100 = 77.5.

Na uku, matakan matsayi cikin ɗari ba daidai suke da juna ba. A tsakiyar tsibi inda jama'a suka cunkushe, tashi daga matsayi na 50 zuwa na 60 kimanin rubu'in tazara ɗaya ne kawai. Amma tashi daga na 90 zuwa na 99 yana bukatar fiye da tazara guda cur, daga z = 1.28 zuwa 2.33. Don haka ba a tara matsayin yaro na darussa daban-daban a raba. Makin z ko na T ake tarawa.

Na huɗu, jarrabawa ba ta da daidaiton sikeli. Yaron da ya sami 67 yau yana iya samun 69 gobe a kan irin tambayoyin. Ya kamata masu jan layi su dubi waɗanda suka faɗo dab da shi da idon adalci, su nemi ƙarin shaida daga sauran gwaje-gwajensu.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun nuna cewa juya maki zuwa matsayi cikin ɗari mataki uku ne: a samo matsakaici da tazara, a lissafa z, a karanta jadawali. Mun kuma nuna cewa amsar ba ta da ma'ana sai an san rukunin da aka gwada da shi, an kuma tabbatar makin sun yi tsibi.

Bisa ga haka muna ba da shawara kamar haka. Kwalejojin ilimi, irin su Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, su sa ɗalibai masu gwajin koyarwa su yi wannan lissafi da makin azuzuwan da suka koyar. Shugabannin makarantu su riƙa rubuta matsakaici da tazarar aji a gefen makin kowane yaro kafin su aika da shi. Hukumomin ilimi na Tambuwal da Kebbe kuma, duk lokacin da za a yi zaɓen da ya shafi makarantu da yawa, su shirya gwaji ɗaya na haɗin gwiwa wanda za a daidaita makin malamai da shi. A ƙarshe muna roƙon masana harshe da na lissafi da ke wannan taro su dubi kalmomin da muka ƙirƙira a sashe na 2.0 da na 3.0, su gyara na gyarawa, domin a sami waɗanda za a daidaita a kansu a littattafan horar da malamai.